A Amurka ana rufe gwamnati, a nan albashi ake riƙewa: yadda abin ke isowa kara

Duk lokacin da rediyo ya ce an rufe gwamnati a Amurka, sai ka ji 'yan uwa a Agege da Sabon Ibadan da Lokpanta suna tambaya: wai gwamnati shago ce da za a sa mata kwaɗo? Ni ɗan Azare ne, a ƙasar Katagum, mahaifina fataucin shanu yake yi zuwa kurmi, kuma na ga ya kamata a warware wannan magana, don ta shafi aljihunmu.

Abu biyu ne ake cakuɗawa. Na farko kasafin kuɗi. Shekarar kuɗin Amurka tana farawa ne ranar 1 ga Oktoba, kuma idan majalisa ba ta amince da kuɗin da za a kashe ba, doka ta hana a taɓa ko kwabo a ma'aikatun da abin ya shafa. Haka aka yi daga 22 ga Disamban 2018 zuwa 25 ga Janairun 2019, kwana 35, saboda Donald Trump ya nemi kuɗin gina katanga a iyakar Meziko, 'yan Democrat suka ƙi. Ma'aikata wajen 800,000 suka zauna ba albashi. Na biyu iyakar cin bashi. Majalisarsu ta ƙayyade yawan bashin da gwamnati za ta ci. A 2023 bashin ya kai iyakar, dala tiriliyan 31.4, aka yi ta ja-in-ja har watan Yuni kafin a sasanta.

To mu fa? Kundin tsarin mulkin 1999 ya toshe wannan ƙofa. Sashe na 82 ya ba shugaban ƙasa dama ya ci gaba da kashe kuɗi har wata shida ko da ba a zartar da kasafi ba, muddin bai wuce abin da aka ware a daidai lokacin bara ba. Sashe na 122 ya ba gwamnoni irin wannan dama. Shi ya sa a 2018, lokacin da tsamin dangantaka ya yi yawa tsakanin Buhari da majalisar Bukola Saraki da Yakubu Dogara, ɗan jiharmu ta Bauchi, sai ranar 20 ga Yuni aka sa hannu a kasafi, amma ba a rufe ofis ko ɗaya ba. Sai dai ayyukan hanya da asibiti sun yi ta jira.

Iyakar bashi ma muna da ita. Dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta ce rancen da zai ba gwamnatin tarayya kada ya wuce kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigarta na bara. Amma aka yi ta karɓa har ya kai naira tiriliyan 22.7, kuma a watan Mayun 2023 majalisar dattawa ta amince a mayar da shi bashin dogon zango. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma wannan kam kusan buga sabon kuɗi ne, kuma shi ke ƙara tsadar dusa da kuɗin tirela.

Tamu rufewar ta albashi ce. A 2015, da farashin mai ya faɗi, jihohi da dama suka kasa biyan ma'aikata, har gwamnatin tarayya ta ba su rancen ceto. Masu shigowa suka ce masu fita sun bar baitulmali wayam, masu fita suka ce ƙarya ne. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. A Bauchi kuma, a watan Yunin 2019 majalisar jiha ta wayi gari da kakaki biyu, Abubakar Suleiman da Kawuwa Damina, alhali ita ce ke da ikon amincewa da kasafi da duk rancen da gwamna zai ci.

Ga yadda abin ke isowa kara. Azare gari ne na ma'aikata: malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, na ƙaramar hukuma. Yawancinsu bashin nama suke ci zuwa ƙarshen wata. Albashi ya makara, mahauci ba zai biya dillali ba, dillali ba zai biya mai dabba ba. Na sha ganin mahaifina ya fasa lodi don kuɗinsa sun maƙale a hannun mahauta. Idan kuma jihar da ka sauke shanu a kudu ita ma ba ta biya ba, sai dabba ta yi kwana da kwanaki tana ramewa, kai kana sayen ciyawa, ƙarshe ka sayar da faɗuwa.

Don haka kafin ka zuba jarinka a tirela, tambayi abu biyu: an biya albashi a jihar da za ka sauke? Kasafinta ya wuce majalisa? Idan kuma ɗan majalisar Katagum ya zo gida neman ƙuri'a, a tambaye shi rance nawa ya ɗaga wa hannu, kuma me aka yi da kuɗin. Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka.