Malamin Gona a Amurka: Mutumin da Ba Ya Sayar da Komai

A kusan kowace gunduma ta ƙasar Amurka, kuma gundumomin sun haura 3,000, akwai wani ƙaramin ofis inda manomi zai shiga da ƙasa a leda, ko ganyen da ya yi rawaya, ko ƙwaro a kwalba, ya ajiye a kan tebur ya ce a gaya masa abin da ke damun gonarsa. Gunduma a can kwatankwacin ƙaramar hukuma ce a wurinmu. Wanda ke riƙe da ofishin shi ne malamin gona na gunduma. Ma'aikacin jami'ar jiha ne, amma kuɗin aikinsa daga aljihu uku suke fitowa: gwamnatin tarayya, da jiha, da ita kanta gundumar. Aljihu na ukun nan shi ya fi hana shi barci. Waɗanda ke sa hannu a kasafin kuɗin gunduma maƙwabtan manoma ne, wasunsu ma manoman ne da kansu. Malamin da ba a ganin ƙafarsa a gona, za a tuna da shi ranar kasafi.

To me manomi yake nema a wurin wannan mutum? Mai saurin amsa zai ce ilmi. Ni ina ganin ilmi shi ne ƙarami a cikin abin da ake nema, kuma tarihin aikin ya nuna haka tun daga tushensa.

Amurka ta riga ta tara ilmin noma kafin ta sami mai kai shi gona. A 1862 Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a dokar Morrill, wadda ta bai wa jihohi filaye su sayar su kafa kwalejojin noma. A 1887 dokar Hatch ta kafa tashoshin bincike. Masana suka yi ta buga ƙasidu, gwamnati ta buɗe gonakin gwaji, manoma suka zo suka kalla, suka koma gida suka ci gaba da yadda suka saba. Kuma suna da hujja. Gonar gwamnati baitulmali ne a bayanta. Idan ta faɗi babu yaron da zai kwana da yunwa.

Wani dattijo mai suna Seaman Knapp, yana dab da shekara saba'in, shi ya gane inda gizo ke saƙa. A 1903, a garin Terrell na jihar Texas, ya shawo kan wani manomi, Walter Porter, ya ware eka 70 daga gonarsa ya noma ta bisa shawarar masana. Gonar ta Porter ce, guminsa ne, kuma maƙwabtansa sun san ƙasar, sun san ba ta fi tasu kyau ba. 'Yan kasuwar garin suka tara dala 1,000 suka ajiye a banki, cewa idan gwajin ya jawo asara za a biya shi. Ba a taɓa kuɗin ba. A ƙarshen shekara Porter ya lissafa ya ga ya sami ƙarin kimanin dala 700. A daidai lokacin wani ƙwaro mai dogon baki da ya tsallako daga Meziko yana cinye audugar Texas, mutane na barin gonaki, don haka gwamnati ta miƙa wa Knapp kuɗi ya yaɗa dabarar. A 1906 gundumar Smith ta ɗauki W. C. Stallings aiki, ya zama malamin gona na farko da aka keɓe wa gunduma guda. A 1914 dokar Smith-Lever ta mayar da abin tsarin ƙasa baki ɗaya.

Mutane sukan ba da wannan labari su rufe da cewa gani ya kori ji. Haka ne, amma dala dubun nan da aka ajiye a banki ta fi ɗaukar hankalina. Manomi sau ɗaya yake shuka a shekara. Shawarar da ba ta yi daidai ba, shi da iyalinsa za su ci ta har wata damina, mai shawarar kuwa albashinsa na shiga. Abin da Knapp ya yi shi ne ya rage wannan rashin daidaito. Har yau manomin Amurka yana auna malamin gona da wannan mudu: shin ya san abin da zan rasa idan maganarsa ba ta yi ba? Shi ya sa malamin da ya san aikinsa ba ya cewa a canza gona duka. Cewa yake a gwada a layi kaɗan, a bar na gargajiya a gefensa, a auna lokacin girbi.

Wani bincike da aka wallafa a 1943 ya ƙara haska wannan. Masana biyu, Bryce Ryan da Neal Gross, sun bi diddigin yadda masara mai aure ta yaɗu a wasu ƙauyuka biyu na jihar Iowa. Suka tarar kusan rabin manoman daga bakin dillalan iri suka fara jin labarinta, amma maƙwabtansu ne suka sa su yarda. Tsakanin ji da shukawa sai a ɗauki shekaru, kuma ko da mutum ya yarda, ɗan yanki yake fara ba ta. Malamin gona mai hankali ya karanta wannan ya gane matsayinsa. Ba zai bi gida-gida ya shawo kan kowa ba. Aikinsa ya gano manomin da idon jama'a ke kan gonarsa, ya kafa gwaji a bakin hanya, ya kira taro ranar da amfanin ya nuna, sannan ya ja baya ya bar manoma su tambayi ɗan'uwansu.

Ga babban abin da ya raba shi da sauran masu zuwa gona da shawara: ba ya sayar da komai. Manomin masara ko waken suya a Amurka a yau ba ya rasa masu ba shi shawara. Kamfanin iri na da masaninsa, mai sayar da taki na da nasa, mai maganin feshi haka, kuma da yawansu sun san aiki ƙwarai, wasu ma ajinsu ɗaya da malamin gonar a jami'a. Sai dai kowannensu yana da kaya a sito. Idan dillali ya ce gonarka na bukatar ƙarin taki, mai yiwuwa gaskiya ya faɗa, amma wa zai tabbatar maka? A nan manomi ke ɗiban ƙasa ya kai ofishin gunduma a aika ɗakin gwaji na jami'a. A nan yake neman sakamakon gwajin iri, inda jami'a ke shuka irin kamfanoni daban-daban kafaɗa da kafaɗa a ƙasa ɗaya, ta buga abin da kowanne ya bayar ba sani ba sabo. Sau tari shawarar da ta fi yi wa manomi amfani ita ce wadda babu ɗan kasuwar da zai ba shi: kada ka sayi komai bana, ƙwarin ba su kai yawan da feshi zai mayar da kuɗinsa ba.

An ga darajar wannan a gonakin auduga na kudu. Daga tsakiyar shekarun 1990 aka fito da irin waken suya da auduga da maganin ciyawa na Roundup ba ya kashewa. Noma ya yi sauƙi: ka fesa magani ɗaya, ciyawa ta mutu, shuka ta tsaya. Manoma suka yi ta maimaita shi shekara bayan shekara. A 2005 aka tabbatar a jihar Georgia cewa wata ciyawa 'yar gidan alayyafo ta daina jin maganin. Tsiro ɗaya nata yana zubar da dubban ɗaruruwan 'ya'ya. Manyan manoma masu injunan miliyoyi suka koma ɗaukar 'yan ƙwadago suna cire ciyawa da hannu. Masana ciyawa na jami'o'i da malaman gona su suka yi ta yawon taruka suna faɗin abin da ba a son ji: a sauya magunguna, a sauya amfanin da ake shukawa, a cire ciyawar kafin ta yi iri, ko da kuɗin noma zai ƙaru.

Kada a ɗauka wannan tsaka-tsakin ya zo a ɓagas, ko kuma kullum ana riƙe da shi. A 1911, a gundumar Broome ta jihar New York, ƙungiyar 'yan kasuwa da kamfanin jirgin ƙasa ne suka taimaka aka ɗauki malamin gona, kuma daga ƙungiyoyin manoma da aka kafa don tallafa wa irin waɗannan malamai aka haifi Farm Bureau, wadda ta zama babbar mai faɗa a ji a siyasar noma. Shekaru da dama malamin gona yana aiki kamar sakataren ƙungiyar, har sai da aka raba su a shekarun 1950. A 1933 kuma, lokacin da farashi ya faɗi warwas, gwamnatin Roosevelt ta ɗora wa malaman gona aikin shawo kan manoma su tumɓuke audugar da ta riga ta tsiro, eka sama da miliyan 10, a biya su diyya. Mutumin da ya shekara ashirin yana koyar da yadda za a ƙara amfani ya dawo da takardar a rage shi. Kuɗin diyyar ya tafi ga masu filaye, 'yan ƙwadagon da ke noma a raba amfani da su kuwa da yawa aka sallame su.

Baƙaƙen fata su suka fi ɗanɗana wannan. A shekarar da aka ɗauki Stallings aka ɗauki Thomas Campbell na makarantar Tuskegee, wanda ya riƙa zagaya ƙauyukan Alabama da keken doki ɗauke da garma da iri da kayan gwaji, makaranta mai tafiya da George Washington Carver ya tsara. Amma a jihohin kudu aikin ya kasu biyu, na farare da na baƙaƙe, kuma kowa ya san wanda ke samun kaso mai tsoka. A North Carolina sai a 1965 aka haɗe rassan biyu, bambancin albashi kuwa ya ci gaba har ya kai Kotun Ƙoli a 1986. Ƙaramin manomi, baƙi ko fari, yana da tsohon ƙorafi guda: motar malamin gona ta fi sanin hanyar manyan gonaki. Akwai dalili, domin babban manomi shi ke iya ɗaukar kasadar gwaji, kuma gonarsa ke ƙawata rahoto. Dalilin bai wanke laifin ba.

Abin da ake kawowa teburin malamin yana canzawa da zamani. A shekarun 1980, lokacin da kuɗin ruwa ya tashi, darajar filaye ta faɗi, bankuna suka riƙa yin gwanjon gonakin gado, manoman Iowa da Minnesota ba ganye suke kawowa ba. Takardun bashi suke kawowa. Malamai suka zauna da miji da mata suna lissafin ko gonar za ta tsira, aka buɗe layukan waya don waɗanda damuwa ta yi wa yawa. Ba kowa mutum zai buɗe wa littafin bashinsa ba sai wanda ya san bakinsa na da marfi.

Yau manoma ba su kai kashi biyu cikin ɗari na Amurkawa ba, gonaki kuwa ba su cika miliyan biyu ba. Kuɗin aikin ya ragu, kuma wasu jihohi, kamar Minnesota a 2004, sun tattara malamansu a cibiyoyin yanki, kowane da fanninsa: wannan na ƙwari, wancan na kiwon shanu, wani na lissafin gona. An sami ƙwarewa, an rasa kusanci. Manomi kuwa duka biyun yake so. Yana son wanda ya fi dillali sani, yana kuma son wanda zai ɗauki waya ya iso kafin tsutsa ta gama da masara. Ba ya jin haushin malamin da ya ce sai ya tambayo jami'a, muddin ya dawo da amsa cikin kwana biyu. Wanda ba ya yafe wa shi ne mai karanto masa shawarar da aka rubuta don wata ƙasa da wani ruwan sama.

Wannan tsari ya taɓo mu kai tsaye. A shekarun 1960 Jami'ar Jihar Kansas, ɗaya daga cikin waɗanda dokar Morrill ta haifa, ta turo malamanta Zariya suka taimaka wajen gina tsangayar noma da ta likitan dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello, kuma har yau a Samaru cibiyar NAERLS take, mai haɗa bincike da malaman gona. A tsakiyar shekarun 1970 aka buɗe ayyukan raya noma na Funtuwa da Gusau da Gombe da rancen Bankin Duniya, daga baya malaman gona suka bazu ƙauyuka a kan babura da jadawalin ziyara duk mako biyu. Mun ɗauko gonar gwaji, mun ɗauko taron manoma. Abin da ba mu ɗauko ba shi ne aljihu na uku. Kuɗin daga sama da waje suke zuwa, rahoton malamin ma can yake komawa, kuma a wurare da dama aka haɗa masa da rabon taki, har manomi ya riƙa kallonsa a matsayin mai riƙe da takardar buhu. Da rancen ya ƙare a shekarun 1990, babura suka tsaya ɗaya bayan ɗaya, waɗanda suka yi ritaya ba a maye gurbinsu yadda ya kamata ba. Lokacin da sabuwar tsutsar masara ta ɓulla a 2016, manoma da yawa a shagon mai sayar da maganin feshi suka fara jin sunanta, kuma shi ya gaya musu yawan murfin da za su zuba a tanki.