Ciwon Daji: Jinyar Da Ke Cinye Jarin Ɗan Kasuwa

Masu iya magana sun ce lafiya uwar jiki, amma a wurin ɗan kasuwa lafiya uwar jari ce. Cikin cututtukan da ke karya tattalin arzikin iyali a Nijeriya, da wuya a samu wadda ta kai ciwon daji, wato sankara, domin kuɗinta ba a biyansa sau ɗaya. Akan shafe shekaru ana biya.

Ƙididdigar sashen binciken sankara na Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a shekarar 2020 kimanin mutum 125,000 suka kamu da cutar a ƙasar nan, fiye da 78,000 kuma suka rasu. Sankarar mama ce kan gaba, sai ta mafitsarar maza da ta bakin mahaifa. Sankarar mama da ta bakin mahaifa sukan kama mata a tsakiyar shekarun nema, lokacin da sana'a da gida suka fi dogara da su.

Mutane da dama kan ɗauka da an yi tiyata an gama. Ga mai sankarar mama kuwa, sau da yawa tiyata somin taɓi ce. Bayanta akwai ƙarin ruwan magani, wanda ake kira kemo, sau shida zuwa takwas, galibi duk bayan mako uku, kowane da awon jininsa. Sai gashi da na'ura, kwana biyar a mako har makonni. Wasu za su sha ƙwayar Tamoxifen kullum tsawon shekara biyar zuwa goma, wasu kuma allurar Trastuzumab mai tsadar gaske shekara guda. Mai sankarar mafitsara kan karɓi allura duk wata ko duk wata uku, wani lokaci shekaru.

Akwai kuma kuɗin da ba ya shiga rasidin asibiti. Na'urorin gashi kaɗan ne, kuma suna manyan birane irin su Legas da Abuja, don haka majinyaci da mai jinyarsa sai sun biya kuɗin mota, masauki da abinci na makonni, ga shago a rufe, ga abokan ciniki sun koma wajen wani.

Abu biyu ne suka ƙara wa wannan kaya nauyi. Na farko, fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Nijeriya daga aljihun jama'a yake fitowa kai tsaye. Na biyu, akasarin magungunan sankara daga waje ake shigo da su. Da aka saki Naira a watan Yunin 2023, Dalar Amurka ta tashi daga kimanin Naira 460 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024, magani kuwa ya bi ta. Wanda ya fara jinya da wani lissafi sai ya tarar lissafin ya rushe a tsakiyar hanya. Daga nan ake sayar da fili, a taɓa jari, a ci bashi, wani ma ya dakatar da magani, cutar ta dawo, abin da aka kashe ya tafi a banza.

Gwamnati ta ɗauki wasu matakai. A 2021 aka soma Asusun Tallafa wa Masu Ciwon Daji domin marasa galihu, a asibitoci shida, ciki har da Asibitin Ƙasa na Abuja, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe. A 2022 aka sa hannu kan dokar da ta wajabta inshorar lafiya. A watan Oktoban 2023 kuma aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin sankarar bakin mahaifa kyauta.

Duk da haka, ragowar nauyin yana wuyan mai gida. Ya kamata ɗan kasuwa ya raba kuɗin jinya da jari, ya yi wa kansa, iyalinsa da yaran shagonsa rajistar inshora, ya kuma tambayi abin da ta ƙunsa game da sankara tun kafin buƙata ta taso. Idan jinya ta kama, a nemi likita ya bayyana dukkan matakanta tun farko, domin a yi kasafin shekaru maimakon na wata guda.

Mafi araha dai shi ne zuwa asibiti da wuri. Galibin masu sankarar mama a Nijeriya sai cutar ta yi nisa suke zuwa, alhali ƙarin da aka gano yana ƙarami ya fi sauƙin magani, ya fi ƙarancin kuɗi, mai shi kuma ya fi samun damar komawa kasuwa.