Yadda Ake Kama Saƙon Kuskure Wajen Harhaɗa Manhaja

Manhajar da ke cikin wayarka ba a haka aka rubuta ta ba. Mai rubuta manhaja yana zuba umarninsa ne a fayiloli masu yawa, wani lokaci ɗaruruwa, cikin harsuna irin su Java, Kotlin ko C. Kafin su zama abin da waya za ta iya aiki da shi, sai an mayar da su harshen na'ura, an ɗinke su da juna, an kuma haɗa su da guntayen manhaja da wasu suka riga suka rubuta. Wannan aiki shi ne harhaɗawa, kuma akwai manhajoji na musamman da ke yin sa. Daga cikin tsofaffinsu akwai Make, wadda Stuart Feldman ya rubuta a 1976 a cibiyar bincike ta Bell Labs da ke Amurka. Daga baya aka samu Maven, sannan Gradle, wadda duk mai aiki da Android Studio ya san ta.

Koyon kwamfuta ba baƙon abu ba ne a kudancin Kaduna. Gidauniyar Fantsuam, wadda aka kafa a 1996, ta daɗe tana koya wa matasa aikin kwamfuta a unguwar Bayan Loko da ke Kafanchan, ta kuma samar da intanet marar waya mai suna ZittNet. Jami'ar Jihar Kaduna ma tana da haraba a garin. To matashin da ke zaune a Madakiya, a kan hanyar Kafanchan zuwa Zonkwa, idan ya kai matakin haɗa tasa manhajar, yakan fara ne da buga umarni da hannunsa, komai na fitowa a allo yana gani. Matsala tana farawa ranar da ya rubuta wata ƙaramar manhaja ta riƙa kiran Gradle a madadinsa, ko don aikin ya gudana da dare lokacin da data ta fi arha, ko don ya kammala kafin a ɗauke wuta. Gari ya waye, ba manhaja, ba kuma bayanin abin da ya faru. Data ta tafi, batir ya ƙare, bai ƙaru da komai ba.

Bayanin ya fito. Sai dai ya fito ne ta ƙofar da ba a sa kowa ya tsare ba.

A tsarin Unix, wanda Linux ta bi sawunsa, kowace manhaja tana tashi da kafofi uku, kowacce da lambarta. Lamba 0 ta abin da ke shiga ce. Lamba 1 ta sakamakon aiki ce, ana kiran ta stdout. Lamba 2 kuwa an keɓe ta ne don ƙorafi, ita ce stderr. Da farko babu ta ukun. A shekarun 1970, ma'aikatan Bell Labs suna tura rubutu kai tsaye zuwa injin shirya shafukan ɗab'i mai tsada, sai aka yi ta samun shafuka da aka wanke, a duba a tarar ba komai a kansu sai saƙon kuskure da aka tsara da kyawawan haruffa. Wannan asara ce ta sa aka ware wa kuskure hanyarsa daban, don kada ya riƙa cuɗanya da kayan aiki. Idan mutum yana gaban allo, kafa ta 1 da ta 2 duk a nan suke zuba, shi ya sa da yawa ba su ma san biyu ba ne. Amma da zarar manhaja ce ta kira wata, sai kowace kafa ta kama gabanta, kuma wadda ba a nema ba ba za ta shigo hannu ba.

Abin kamar ɗan aike ne da ka tura kasuwar Kafanchan: zai dawo da saƙo a hannu, da magana a baki, kuma zai ce maka an dace ko ba a dace ba. Wanda ya leƙa buhu kawai ya juya baya, shi ya hana kansa jin dalili. Wannan "an dace ko ba a dace ba" yana da siffarsa a kwamfuta, wato lambar fita. Duk manhajar da ta gama aiki tana barin lamba ɗaya. Sifili na nufin lafiya lau, duk wata lamba kuma akwai magana. Make ta GNU takan bar 2 idan ta ci karo da kuskure. Idan ta Bash, wato manhajar da ake buga umarni a cikinta, aka yi kiran, 127 na nufin ba a ma sami manhajar da aka kira ba, 137 kuma na nufin an kashe ta da ƙarfi tana cikin aiki. Wannan ta ƙarshe ta shafi masu kwamfutar gwanjo sosai, domin Gradle tana da cin ma'ajin aiki, wato RAM, kuma idan ya cika, Linux takan kashe manhaja nan take ba tare da ba ta damar rubuta ko kalma ɗaya ba. A irin wannan hali lambar ce shaidar farko.

A ra'ayina, lambar fita ita ya kamata a fara dubawa, domin kafa ta 2 ba kullum take faɗin abin da sunanta ya nuna ba. Git tana zuba bayanin ci gaban aikinta a can ko da komai na tafiya daidai. Maven kuwa yawancin kurakuranta ta kafa ta 1 take fitar da su, tare da sauran rahotonta. Wanda ya tsara manhajarsa a kan cewa duk rubutun da ya fito ta kafa ta 2 gazawa ce, zai riƙa tsayar da aikin da ba shi da laifi, ya kuma bar mai laifin ya wuce.

Akwai wani tarko da ya fi wannan wahalar ganewa, kuma ya kama ƙwararru da dama. Idan uwar manhaja ta kira 'yarta, bututu ne ke haɗa su, ɗaya na kowace kafa. Bututun nan ba shi da girma: a Linux yawanci baiti 65,536 yake ɗauka. Idan ya cika, 'yar sai ta tsaya cik, tana jiran a kwashe kafin ta ci gaba da rubutu. Yanzu a ce uwar ta buɗe bututun biyu, amma tana karanta na sakamako kawai, da niyyar sai an gama ta waiwayi na kuskure. 'Yar ta yi ta zuba gargaɗi har bututu na biyu ya toshe, ta tsaya. Uwa tana jiran 'ya ta gama, 'ya tana jiran uwa ta kwashe. Ba wanda ya faɗi, ba saƙon kuskure, ba lambar fita, fankar kwamfuta ma ta yi shiru, aiki ya sandare har sai an zo an kashe shi. Muguntar abin ita ce ba ya nuna kansa da wuri. Ranar gwaji, da ƙaramin aiki mai gargaɗi layi goma, komai zai tafi sumul. Sai bayan watanni, aikin ya girma, gargaɗi ya yi yawa, sannan ya fara maƙalewa, mutum ya yi ta zargin intanet ko tsufan kwamfutarsa.

Maganin ba shi da wuya. Ko dai a karanta bututun biyu a lokaci guda, ko a haɗe su su zama ɗaya, ko a tura su fayil kai tsaye. A Python, umarnin subprocess.run yana kwashe duka biyun da kansa, kuma tun fitowar Python 3.7 a 2018 ya isa a rubuta capture_output=True. A Java, ProcessBuilder yana da redirectErrorStream, wanda ke karkatar da kafa ta 2 cikin ta 1. A Bash kuwa ana rubuta make > rahoto.txt 2>&1, kuma jerin yana da muhimmanci, domin idan 2>&1 ya riga sunan fayil zuwa, kurakuran ba za su shiga fayil ɗin ba.

Ga wanda wutarsa ba ta da tabbas, tura rahoto fayil ya fi tara shi a ma'ajin aiki, domin ko kwamfuta ta mutu ana tsakiyar harhaɗawa, yawancin abin da aka riga aka rubuta yana nan. Wajen karantawa kuma a fara daga kuskuren farko, ba na ƙarshe ba. Alama guda da aka manta a fayil ɗaya tana iya haifar da ƙorafi masu yawa a bayanta, kuma gyara ta kaɗai sai duk su ɓace. Kafin a tura rahoton ga malami ko aboki ta WhatsApp don neman taimako, a duba shi layi-layi, domin wani lokaci kalmar sirri ko mabuɗin shiga wani asusu yakan fito a ciki.