Alkama da Taƙaitar Hunturu a Kudancin Jigawa

Alkama shuka ce ta ƙasashen sanyi, shi ya sa a Birnin Kudu da Gwaram, kamar sauran ƙasar Hausa, ake noma ta da rani a fadamu ta hanyar ban ruwa, ana dogaro da sanyin hunturu wanda yakan sauka daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Masana aikin gona sun fi son a shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba, domin ta yi fure ta cika ƙwaya kafin zafin bazara ya kankama a Maris.

Abin da ke tafiyar da girmanta shi ne tarin zafi, wato jimillar ɗumin da take samu kullum tun daga tsirowa, kuma da zarar jimillar ta cika, shukar takan wuce mataki na gaba ko da jikinta bai yi ƙwari ba. Saboda haka idan ɗumamar yanayi ta raunana hunturu, alkama takan yi gaggawar fitar da kai tun ba ta yi 'ya'ya da yawa a gindi ba, kwanakin cika ƙwaya su ragu, a girbe tsaba ƙanana marasa nauyi. Zafin da ya haura digiri 30 a ma'aunin Salshiyas lokacin fure ya fi wannan muni, domin yana lalata garin furen da barbara ta dogara da shi, har a ga zangarniya tsaye babu ƙwaya a cikinta. Wani bincike da mujallar Nature Climate Change ta buga a 2015 ya ƙiyasta cewa kowane ƙarin digiri 1 na rage alkamar duniya da kusan kashi 6 cikin 100.

Damina ma tana matse lokacin daga farkonsa. Kudancin Jigawa ya fi arewacinta samun ruwan sama, kuma idan ruwan ya zarce, ko ambaliya irin ta 2022 ta kwanta a fadama, manomi ba ya kwashe shinkafarsa ya gyara ƙasa da wuri, sai shuka ta kai ƙarshen Disamba, furen ya faɗa bakin zafi. Abin takaici shi ne wani jinkirin daga mutane yake, musamman idan iri da taki suka makara wajen isa ga manoma.

Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri, wadda ke da alhakin inganta alkama a Najeriya, ta fitar da iri masu jure zafi kamar Norman da Reyna-28, sai dai su ma amfaninsu yana raguwa sosai idan aka shuka su a Janairu.