Katin Inshora Bai Kai Ga Haƙorin Mutumin Riko Ba

Hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, tana alfahari da cewa kimanin mutum miliyan 20 ne ke cikin inshorar lafiya, a ƙasar da jama'arta suka haura miliyan 200, alhali dokar 2022 ta wajabta ta kan kowa. Har yau sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya daga aljihun marasa lafiya yake fitowa. A fannin haƙori abin ya fi muni, kuma a Riko, cikin ƙaramar hukumar Jibiya, ana ganin dalili ƙarara.

Matsala ta farko ita ce shiga. Ma'aikaci daga albashinsa ake cire kasonsa. Asusun kula da lafiya a matakin farko, BHCPF, wanda hukumar inshorar lafiya ta jiha, KTSCHMA, ke rajistar masu cin gajiyarsa a Katsina, yana fifita masu juna biyu, yara 'yan ƙasa da shekara 5, tsofaffi, masu naƙasa da matalauta. Manomi da ɗan acaɓa sai su biya da kansu, a yankin da 'yan bindiga suka hana noma, rufe iyakar Nijar a 2019 da 2023 kuma ya karya kasuwa.

Amma babbar matsalar tana kan wanda ma ya samu katin. Tsarin ya ɗauki duba baki, ciko da cire haƙori mai sauƙi, ya bar dashe da sauran gyara mai tsada. Wannan ɗan abin ma sai inda likitan haƙori yake, kuma da wuya a same shi a asibitin matakin farko. Dole a karɓi takardar turawa, a biya kuɗin mota zuwa Jibiya ko Katsina, a rasa aikin yini, wani lokaci a sake komawa. Inshora ba ta biyan ko ɗaya. Sai mutum ya sayi maganin kashe zafi a kemis, ko ya nufi wanzami, har kogon da ciko zai gyara ya zama kumburin muƙamuƙi. Yaro mai tamowa kuwa, gyambon dasashi na iya zame masa cutar noma mai cin fuska, wadda WHO ta sa cikin cututtukan da aka yi wa sakaci a Disamba 2023.

Masu kare tsarin suna cewa kuɗi kaɗan ne, haihuwa da zazzaɓin cizon sauro sun fi gaggawa. Gaskiya ne. Sai dai tiyatar fuska a asibitin cutar noma na Sakkwato ta fi duba bakin yaro tsada nesa ba kusa ba.

Ya kamata KTSCHMA ta biya ma'aikatan haƙori su riƙa zagaya asibitocin gundumomi a ranakun kasuwa, a kuma koya wa ma'aikatan awon ciki da rigakafi duba dasashin yara. Muddin aikin yana birni, katin mutumin Riko ba zai rage masa ko kwabo ba.