Bindigar Farautar Barewa a Iyakar Jibiya: Ina Gaskiya, Ina Ƙarin Gishiri?

Da zarar an kwashe gero da dawa, ciyawa ta bushe, sai hirar farauta ta dawo majalisun Mazanya da Magama. A da hirar karnuka ce da gora da kwari da baka. Yanzu samari na miƙa wa juna waya, suna kallon maharban Amurka suna kayar da dabba daga nesa da bindiga mai madubin hange, daga nan sai gardama ta kaure kan wace bindiga ce ta fi dacewa da barewa. Cikin maganganun da ke yawo akwai gaskiya, akwai rabi da rabi, akwai kuma waɗanda za su iya kai mutum gidan yari ko kushewa.

Wadda aka fi ji ita ce wai gwamnati ta riga ta ba mutanen iyaka izinin riƙe bindiga. Maganar tana da tushe. A watan Agustan 2021, lokacin da ya zo ta'aziyya Jibiya, gwamnan Katsina na wancan lokaci Aminu Bello Masari ya yi kira ga jama'a su tashi su kare kansu daga 'yan bindiga, kuma a Yunin 2022 gwamnatin Zamfara ta ce wa mutanenta su nemi lasisi. Sai dai kiran gwamna ba lasisi ba ne. Dokar makamai ta 1959 ta tarayya ce, kuma ta kasa bindigogi kashi uku. Kashin farko su ne na soja irin AK-47, da masu ɓarin wuta, da ƙaramar bindigar hannu. Waɗannan sai da izinin Shugaban Ƙasa. Na biyu su ne bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu, da doguwar bindigar farauta mai harsashi guda, da ta iska. Lasisinsu na hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Na uku ita ce ta gargajiya da ake ɗurawa ta baki, wato bindigar toka ko harbi-ka-ruga, wadda Kwamishinan 'yan sanda na jiha ke da ikon hana riƙe ta ba takarda. Har bindigar nan da ake kira fam-akshin, duk da an saba ganinta a hannun mutane, dokar ta cire ta daga kashi na biyu saboda tana da na'urar ɗura harsashi. A Agustan 2023 kuwa muƙaddashin Sufeto Janar na wancan lokaci, Kayode Egbetokun, ya sanar da dakatar da ba da sabon lasisi. Don haka wanda ya ce ka kawo kuɗi zai samo maka takarda ta bayan fage, ka fara zuwa ofishin 'yan sanda ka ji daga bakinsu.

Katin ƙungiyar mafarauta ma ba lasisi ba ne. Shaida ce kawai cewa sarkin baka da abokan sana'a sun san ka. Kuma ko mai cikakkiyar takarda ya san tafiya da bindiga a Najeriyar yau ba ƙaramin haɗari ba ne. A watan Maris na 2025 an yi wa mafarauta 16 kisan gilla a Uromi ta Jihar Edo, suna hanyar komawa Kano hutun Sallah, bayan an ga bindigogin gargajiya a motar da suka shigo. Zalunci ne tsagwaronsa, babu abin da zai wanke masu aikata shi, amma ya nuna yadda ganin bindiga kaɗai ke sa a yanke wa mutum hukunci kafin a tambaye shi.

Wasu kuma na cewa tunda Maraɗi da Katsina gida ɗaya ne, ana iya tsallakawa dajin Baban Rafi da bindiga a yini a dawo. Zumuncin gaskiya ne, auratayya da kasuwa sun haɗa mu, amma takardar Najeriya a bakin iyaka take tsayawa. Nijar na da tata dokar farauta ta 1998, da nata jami'an gandun daji, kuma tun juyin mulkin Yulin 2023 tsaron iyakar ya ƙara tsanani. A gandun Gadabeji da ke arewacin jihar Maraɗi, inda har yanzu akwai barewa, farauta haramun ce baki ɗaya.

Sai maganar ƙarfi, wai babbar bindiga ita ce ta kirki. Barewarmu ba ta cika wuce kilo 30 ba, gada kuma ba ta kai haka ba. Bindiga mai watsa ƙwayoyin dalma aikinta bai wuce mita 30 zuwa 40 ba. Bayan nan sai dai ta raunata dabba ta gudu ta mutu a banza. Harsashin doguwar bindiga kuwa, idan ya kuskure, yana iya tafiya fiye da kilomita guda. A Amurka farauta da irin wannan bindiga na faruwa ne a dazuzzukan da aka ƙayyade lokaci da adadin abin da kowa zai harba. A nan, bayan kowane kurmi akwai gona, ko ruga, ko yarinya mai itace a ka.

Ɗaya gefen ƙaryar ƙarfin ya fi kusa da mu: wai in ka ƙara albarushi harbi zai ƙara nisa. Abin da ya fi ƙaruwa shi ne matsin da ke cikin bututun, kuma bututun da maƙeri ya samo daga famfon ruwa ba a gwada shi ga wannan matsin ba. Mafi muni shi ne farke harsashin zamani a juye garinsa cikin bindigar toka, domin ƙarfinsa ya ninka na albarushin gargajiya. Wanda ya taɓa ganin hannun da bindiga ta fashe a cikinsa, babban yatsa babu, baƙin gari ya shige fatar fuska har abada, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani.

Abin da ya fi damuna shi ne maganar da ba a cika yi ba: ina barewar take? Hukumar IUCN mai lura da halittun duniya ta sa barewarmu mai jan goshi cikin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa, saboda farauta da sare daji da faɗaɗa gonaki. Barewar da ake harbi a bidiyon Amurka wata dabba ce daban, miliyoyinta ke yawo a can. Dattawan yankin nan suna ba da labarin gwanki da kanki a dajin Rugu. Yaran yau zomo da zabon daji da gafiya suka sani. Dokar namun daji ta Arewa tun 1963 take, ga ta tarayya ta 1985 mai kare dabbobin da ke neman ƙarewa, don haka lasisin bindiga ba shi ne izinin harbin kowace dabba ba. Dajin kansa kuma ya koma maɓoyar 'yan bindiga, abin da ya sa gwamnatin Katsina ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure a 2021. Mai shiga can da bindiga a kafaɗa, ɓarayi za su ɗauke shi ɗan sa-kai, soja kuma na iya ɗaukarsa ɓarawo.

Ya ku sarakunan baka da iyayen ƙasa na Mazanya da kewaye, yaranku maganarku suke ji. Ku gaya musu kada kowa ya sayi bindiga a ɓoye, kada a ƙara wa albarushi awo, barewar da ta rage kuma a ƙyale ta ta hayayyafa.