Yadda Ake Gano Tsohon Nauyin da Laka ta Taɓa Ɗauka

1.0 Gabatarwa

Garuruwan Sabon Birni da Isa suna daura da fadamun kogin Rima da rassansa, irin su Bunsuru da Gagare. A irin waɗannan wurare akan ga ajin makaranta ya tsage bayan 'yan shekaru, alhali na kusa da shi yana nan lafiya. Sau da yawa dalilin yana cikin lakar da aka kafa harsashi a kanta. Wannan darasi zai bayyana yadda masana ke auna ta.

2.0 Ma'anar Danƙarewa

Laka tana riƙe ruwa a tsakanin ƙwayoyinta. Idan aka ɗora mata nauyi, ruwan yakan tsiyaye sannu a hankali, ƙwayoyin su matsu, ƙasa ta nutsa. Wannan shi ake kira danƙarewa, kuma Karl Terzaghi ne ya shimfiɗa ƙa'idarsa a littafinsa na 1925. Lakar da ta danƙare ba ta komawa yadda take ko da an sauke nauyin. Saboda haka, wadda ta taɓa ɗaukar nauyin da ya fi na yanzu ana ce mata mai rarar danƙara. Zaizayar ƙasar da ke samanta tana haifar da hakan. Haka kuma zafin rani da hunturu suna busar da saman fadama, su matse ƙwayoyin kamar an danne su.

3.0 Gwaji a Ɗakin Bincike

Ana yanko laka ba tare da dagula ta ba, a sa ta cikin zoben ƙarfe mai kaurin kamar milimita 20, tsakanin duwatsu biyu masu tsotse ruwa. Ana ninka nauyi duk bayan awa 24, ana rubuta yadda ta nutsa, sannan a zana sakamakon. Da farko layin yakan kwanta, daga baya ya gangara da sauri. A 1936 Arthur Casagrande ya fito da hanyar gano tsohon nauyin daga inda layin ya fi lanƙwasa.

Daga nan sai a raba tsohon nauyin da na yanzu. Misali, idan tsohon ya kai kilofaskal 150, na yanzu kuma 50, amsar ita ce 3, wato lakar tana da rara. Idan amsar 1 ce, babu rara.

4.0 Kammalawa

Muddin nauyin gini bai kai lakar ga wuce tsohon nauyinta ba, nutsewar ba ta da yawa. Da zarar ya wuce, sai ta ƙaru ƙwarai. Bugu da ƙari, busasshen saman fadama yana iya ɓoye laka mai taushi a ƙarƙashinsa, don haka ake ɗebo samfuri daga zurfi daban-daban kafin a haƙa harsashi.

Tambaya: Kawo dalilai biyu da ke sa laka ta sami rarar danƙara.